Jami'ar Kalifoniya: Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙungiyoyin Wasanni da Maskot na Rassanta

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi yawan fitowa daga ɗaliban da ke neman gurbin karatu a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, da iyayensu, da matasa 'yan ƙwallo masu fatan wasa ya biya musu kuɗin makaranta.

Jami'a ɗaya ce ko jami'o'i ne da yawa? Na ga UCLA, na ga Berkeley, duk ana ce musu Jami'ar Kalifoniya.

A takarda jami'a ɗaya ce, mallakin jihar Kalifoniya, mai shugaba ɗaya da majalisar gudanarwa ɗaya. An kafa ta a 1868, kuma Berkeley ce uwa. Yau rassanta goma ne: Berkeley, Los Angeles wadda aka fi sani da UCLA, Davis, Irvine, Riverside, San Diego, Santa Barbara, Santa Cruz, San Francisco, sai Merced, auta, da aka buɗe a 2005.

A aikace kuwa kowane reshe cin gashin kansa yake yi. Yana da nasa shugaban, da nasa kasafin kuɗi, kuma shi ke ɗaukar ɗalibansa. Fom ɗaya kake cikawa, amma kowane reshe da ka zaɓa sai ka biya masa kuɗin fom, kuma San Diego na iya ɗaukarka Berkeley ta ce a'a. Wanda ya saba da ABU zai yi zaton abin kamar Samaru da Kongo ne, ko tsohon mazaunin BUK da sabo, inda ɗalibai ke haɗuwa su fitar da tawaga ɗaya zuwa gasar NUGA. Ba haka abin yake ba. Daga Davis zuwa San Diego tafiyar fiye da kilomita 800 ce a mota.

To, ƙungiyar wasanni ɗaya ce ke wakiltar jami'ar gaba ɗaya?

A'a. Rassa tara ne ke da ƙungiyoyi, kowanne da sunansa: Golden Bears a Berkeley, Bruins a UCLA, Aggies a Davis, Anteaters a Irvine, Highlanders a Riverside, Tritons a San Diego, Gauchos a Santa Barbara, Banana Slugs a Santa Cruz, Golden Bobcats a Merced. San Francisco ba ta shiga gasa, domin reshe ne na likitanci da ilimin lafiya kawai, kuma ba ta ɗaukar 'yan digirin farko. Abin da ya haɗa su a ido shi ne launi: duk shuɗi da ruwan zinariya suke sawa, sai dai shuɗin UCLA ya fi haske, na Berkeley ya fi duhu.

Idan ka ji mai sharhi ya ce "Cal", Berkeley yake nufi ita kaɗai. Ita ta riƙe sunan jihar tun lokacin da babu wani reshe sai ita, kuma har yau ba ta sake shi ba.

Mene ne maskot, kuma me ya bambanta shi da sunan ƙungiya?

Sunan ƙungiya shi ne abin da ake kiran 'yan wasa da shi. Maskot kuwa shi ne halittar da aka ba suna da siffa, wani ɗalibi ya shiga cikin kayanta ya fito fili yana zuga 'yan kallo, yana rawa, yana ɗaukar hoto da yara. Sau da yawa sukan dace: 'yan wasan Irvine dabgi ne, maskot ɗinsu Peter shi ma dabgi ne. Wani lokaci kuma sukan sha bamban. Aggies na Davis manoma ake nufi, domin reshen gonar gwaji ce ta jami'ar tun asali, amma maskot ɗinsu doki ne mai suna Gunrock.

Me ya sa Berkeley da UCLA duk beyar suke amfani da shi?

Beyar shi ne alamar jihar Kalifoniya, yana jikin tutarta, ko da yake irin wannan beyar ya ƙare a jihar tun shekarun 1920 saboda farauta. A 1895 'yan tseren Berkeley suka tafi gasa gabashin Amurka ɗauke da tutoci masu hoton beyar ruwan zinariya, daga nan sunan Golden Bears ya bi su. Da can beyar mai rai ake kawowa filin wasa, abin da ya zame wa kowa ɗawainiya. A 1941 aka fito da Oski, wanda har yanzu shi ne: ƙaton kai mai murmushin da ba ya gushewa, rigar sanyi ruwan ɗorawa mai harafin C a ƙirji, farin safar hannu, yana tafiya yana ɗaga ƙafa sama, hannayensa a goye a baya kamar dattijo mai zagayen gona.

UCLA ta fara ne a 1919 a matsayin reshen kudu na Berkeley, don haka 'yan wasanta suka ɗauki sunan Cubs, wato 'ya'yan beyar. Da suka ga sun girma sai suka koma Grizzlies, amma Jami'ar Montana ta riga su wannan suna a lig ɗin da suke son shiga, shi ne a 1926 suka zama Bruins, wanda shi ma wani laƙabin beyar ne. Maskot ɗinsu biyu ne, Joe da Josephine. Riverside ma beyar gare ta, Scotty, amma cikin kayan mutanen Sukotlan, saboda reshen yana gindin duwatsu sai ɗaliban farko a 1954 suka ɗauki sunan mutanen kan tudu na can, wato Highlanders.

Da gaske ne akwai reshen da maskot ɗinsa dodon koɗi ne?

Da gaske ne, kuma labarinsa ya fi na kowa daɗi. A dajin manyan itatuwan da aka gina reshen Santa Cruz a ciki akwai wani dodon koɗi marar ƙwanso, rawaya shar kamar nunanniyar ayaba, yana jan ciki a kan ganye mai laima. Tun farkon reshen, wanda aka buɗe a 1965, ɗalibai suka riƙa kiran ƙungiyoyinsu da sunansa da gangan, don su yi wa jami'o'in da suka mai da wasa kamar yaƙi shaguɓe. Halitta ce da ba ta da farce, ba ta sauri.

Da reshen ya shiga gasar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, a farkon shekarun 1980, shugabansa na lokacin, Robert Sinsheimer, ya ga sunan bai dace da jami'a ba, ya goyi bayan zakin teku. Aka zana zakin teku a tsakiyar filin ƙwallon kwando, ɗalibai kuwa suka ci gaba da ihun dodon koɗinsu daga kan benci. Haka aka yi ta ja-in-ja har 1986, lokacin da ɗalibai suka kaɗa ƙuri'a, dodon koɗi ya yi rinjaye mai yawa, shugaban ya haƙura. Sammy ake kiransa yanzu, kuma rigunan da ke ɗauke da hotonsa sun fi ƙungiyoyin kansu suna.

Irvine ma kusan haka aka yi. A 1965 wasu 'yan wasan ƙwallon ruwa suka yi kamfe wa dabgi, irin na Amurka ta Kudu mai dogon baki, bayan sun gan shi a wani zanen barkwanci na jarida. Hukuma ba ta so ba, ƙuri'a ta ba shi. Kirarinsu "Zot! Zot! Zot!" ne, ƙarar da harshen dabgin ke yi a zanen idan ya laso tururuwa. Suna yinsa da hannu: ɗan yatsan tsakiya da na zobe su haɗu da babban yatsa su zama baki, manuni da ƙaramin yatsa su miƙe su zama kunnuwa.

Wa ke zaɓen maskot, ɗalibai ko hukumar jami'a?

Ɗalibai ke kawo shi, shugaban reshe ke sa hannu. Santa Cruz da Irvine, kamar yadda aka faɗa a amsar da ta gabata, ɗalibai ne suka yi nasara. A Davis kuwa ba su samu ba. A 2022 suka kaɗa ƙuri'a a maye gurbin doki da saniya, tunda reshen ya shahara da garken shanun da ke kusa da ɗakunan kwanan ɗalibai, har warinsu ya zama abin barkwanci. Saniya ta ci ƙuri'a, amma hukuma ta ce tsofaffin ɗalibai ba su yarda ba, Gunrock ya zauna daram. Shi Gunrock ɗin doki ne na gaske, ingarma da aka kawo Davis a 1921 don inganta irin dawakan sojojin Amurka.

Dalilin da ya sa hukuma ke taka-tsantsan kuɗi ne. Suna da hoton maskot rajistarsu aka yi, ana sayar da riguna da huluna da su, kuma tsofaffin ɗaliban da ke ba da gudummawa ba sa son a taɓa abin da suka taso da shi.

Wa ke cikin kayan? Ana biyansa?

Ɗalibai ne, kuma yawanci ba mutum ɗaya ba, saboda maskot kan halarci wasanni da bukukuwa fiye da abin da mutum ɗaya zai iya. Ana yin gwaji a zaɓa. Ƙa'ida ta farko ita ce ba a magana cikin kayan, ta biyu ba a cire kan a gaban jama'a. A Berkeley wani kwamiti na musamman ne ke kula da Oski, kuma ɓoye sunan wanda ke ciki al'ada ce tun farko. Aiki ne mai wahala: kayan suna da nauyi da zafi, ana gani ta wata 'yar kafa ce kawai, shi ya sa za ka ga wani na biye da shi yana nuna masa hanya. Abin da ake samu ya danganta da reshe, wani wuri ɗan alawus, wani wuri sa-kai ne zalla. Kada kowa ya sa ran kuɗin makaranta daga nan.

Ni Musulmi ne. Na ji an ce maskot ɗin San Diego wani abin bauta ne. Yaya abin yake?

Triton a tatsuniyoyin Girkawan dā ɗan ubangijin teku ne a wurinsu, rabinsa mutum rabinsa kifi. San Diego ta ɗauke shi ne saboda reshen ya tsiro daga cibiyar binciken teku ta Scripps, kuma a bakin teku yake. Babu wanda ke bauta masa a can, ado ne na riga da tuta, haka ɗalibai ke kallonsa. Ba a tilasta wa ɗalibi ya sa riga mai hotonsa ko ya je kallon wasa. Ɗan wasa ne kawai dole ya sa kayan ƙungiya, waɗanda galibi suna ne da lamba a jiki, wani lokaci da hoton mashi mai baki uku. Hukuncin sa irin wannan kaya tambaya ce ta malamai, a kai musu ita.

Rigimar maskot da ta fi zafi a Amurka ba ta addini ba ce, ta ƙabilanci ce. Makarantu da dama sun daɗe suna amfani da siffar 'yan asalin ƙasar, Indiyawan Amurka, a matsayin maskot. Stanford, maƙwabciyar Berkeley, ta bar nata a 1972, kuma a 2005 NCAA ta fitar da doka a kan irin waɗannan sunaye.

Rassan suna karawa da juna?

Sosai ma, kuma da zafi irin na 'yan uba. A 2006 wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa na maza na ƙasa baki ɗaya tsakanin rassa biyu aka yi, Santa Barbara ta doke UCLA da ci 2 da 1. Irvine, Riverside, Santa Barbara da San Diego kuwa suna haɗuwa kowace shekara a lig ɗin Big West, inda Davis ma ta daɗe.

Sai dai babban abokin hamayyar kowa a waje yake. Berkeley da Stanford suna buga wasan ƙwallon Amurka da suke kira Big Game tun 1892, wanda ya ci ya tafi da wani gatari da aka kafe a allo. A saman filin Berkeley akwai tudun da marasa tikiti ke zama su yi kallo kyauta, daga nan ake harba igwa duk lokacin da ƙungiyar ta ci maki. UCLA da USC, wato Jami'ar Kudancin Kalifoniya mai zaman kanta, gari ɗaya suke, kan ƙararrawa suke faɗa, kuma a makon wasan sai an rufe gunkin beyar na tsakiyar UCLA don kada 'yan USC su zo da dare su shafe shi da jan fenti. Davis da Jami'ar Jihar Sacramento ne. Santa Barbara kuwa da jami'ar Cal Poly ne a ƙwallon ƙafa, wasan da ke cika fili fiye da kusan kowane wasan ƙwallon ƙafa na jami'a a Amurka, kuma idan aka ci ƙwallo 'yan kallo sukan yi ta jefa faifan burodin Meziko, tortilla, cikin fili har sai an tsaya an share.

Mene ne rukuni na ɗaya, na biyu da na uku? Duk rassan matakinsu ɗaya?

NCAA, hukumar da ke kula da yawancin wasannin jami'o'in Amurka, ta kasa makarantu gida uku bisa ga kuɗin da suke kashewa da tallafin da suke ba 'yan wasa. Rukuni na ɗaya shi ne na manyan filaye da talabijin. Na biyu yana ba da tallafi amma kaɗan. Na uku ba ya ba da tallafin karatu don wasa ko kaɗan. Ba a hawa ko sauka da yawan maki kamar Firimiya, makaranta ce ke nema ta cika sharuɗɗa.

Rassa bakwai suna rukuni na ɗaya: Berkeley, UCLA, Davis, Irvine, Riverside, Santa Barbara da San Diego. Ita San Diego sabuwar shiga ce. Ɗalibanta suka amince a ƙara musu kuɗin makaranta a 2016 don a ɗauki nauyin hawan, ta shiga a 2020, kuma a 2025, shekarar farko da aka ba ta damar shiga babbar gasar ƙwallon kwando ta watan Maris, mazanta da matanta duk suka samu gurbi. Merced ta fito daga wata hukuma daban mai suna NAIA ta fara komawa rukuni na biyu a 2025. Santa Cruz tana na uku. Ko cikin bakwai ɗin akwai tazara mai faɗi: uku ne kawai ke da ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wato Berkeley, UCLA da Davis, kuma a 2020 Riverside ta kai ga tunanin rufe sashen wasanninta gaba ɗaya saboda rashin kuɗi kafin ta fasa.

Wane reshe ne ya fi ƙarfi?

In dai kofi ake ƙirgawa, UCLA ce, babu gardama. Ita ce makarantar farko da ta kai kofunan NCAA 100, a 2007, kuma yanzu ta haura 120. Ƙwallon kwandonta na maza ya ci kofin ƙasa sau 11, goma daga ciki a hannun koci John Wooden tsakanin 1964 da 1975. A nan Kareem Abdul-Jabbar ya yi wasa, kuma yana ɗalibi a can ya karɓi Musulunci. Jackie Robinson da Arthur Ashe ma 'yan UCLA ne.

Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Berkeley ta yi fice a ninƙaya, da tseren kwale-kwale, da ƙwallon zari-ruga. Irvine ta ci kofin ƙasa na ƙwallon raga na maza sau huɗu tsakanin 2007 da 2013. Santa Barbara garin ƙwallon ƙafa ne. Hatta Santa Cruz, mai dodon koɗi, ta tara kofunan tanis na maza a rukuni na uku.

Me ya sa UCLA da Berkeley ba sa lig ɗaya yanzu?

Kuɗin talabijin ne. Kusan shekara ɗari suna tare a lig ɗin yammacin Amurka da ya zama Pac-12. A 2022 UCLA da USC suka sanar za su koma Big Ten, inda rabon kuɗin talabijin ya fi tsoka, kuma suka koma a 2024. Fitarsu ta janyo sauran suka watse. Berkeley da Stanford suka samu mafaka a ACC, lig ɗin gaɓar tekun Atlantika, alhali su a bakin Pasifik suke, kuma sun karɓi rabo ƙarami don a yarda a ɗauke su.

A nan ne zaman jami'a ɗaya ya yi aiki. Majalisar gudanarwa ta ga cewa tafiyar UCLA ta jawo wa Berkeley asara, sai a 2024 ta umarci UCLA ta riƙa ba Berkeley dala miliyan 10 a shekara na wasu shekaru. A ganina 'yan wasan ne suka kwana ciki. Ɗalibin da ke ƙwallon raga ko ƙwallon ƙafa yanzu sai ya hau jirgi na awa biyar zuwa gabas, da bambancin agogo na awa uku, ya dawo ya shiga aji, don a daidaita lissafin wani wasan da ba nasa ba. Ƙananan rassan ma ba su zauna wuri ɗaya ba: a ƙarshen 2024 aka sanar Davis za ta bar Big West ta koma Mountain West a 2026.

Ɗan Najeriya, Nijar ko Ghana zai iya samun tallafin karatu ta hanyar wasa?

Zai iya, kuma an yi. Abu Danladi, wanda ya taso a Takoradi ya bi ta makarantar ƙwallo ta Right to Dream a Ghana, ya buga wa UCLA daga 2014 zuwa 2016, kuma shi aka fara zaɓa a ɗaukar sabbin 'yan wasa na lig ɗin MLS a 2017. Luc Mbah a Moute da Alfred Aboya 'yan Kamaru sun yi ƙwallon kwando a UCLA, Mamadou Ndiaye ɗan Senegal ya yi a Irvine, Adem Bona haifaffen Najeriya shi ma a UCLA. Amma a lura da hanyar da suka bi: kusan dukkansu sun yi wani ɓangare na sakandare a Amurka, inda masu neman 'yan wasa suka gan su da ido.

Abu na farko shi ne reshen da za ka nema, domin kamar yadda aka bayyana a amsar rukunai, Santa Cruz ba ta da wannan tallafi ko da kai ne gwanin duniya. Na biyu, cikakken tallafi ba shi da yawa. Kafin 2025 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta maza a rukuni na ɗaya tallafin mutum 9.9 kawai aka yarda ta raba wa 'yan wasa kusan talatin, don haka yawancinsu rabi ko kwata suke samu. An sauya dokar, amma sauyin bai ƙara wa ƙananan rassa kuɗi a aljihu ba. Ɗalibin da ba ɗan jihar ba kuwa, kuɗin makaranta da masauki da abinci ya haura dala 70,000 a shekara, kuma jami'ar ba ta cika ba ɗaliban ƙasashen waje tallafin marasa ƙarfi a digirin farko ba. Rabin tallafi ke nan ya bar wa iyaye abin da ba kowa zai iya ba.

Na uku, takardu. Sai ka yi rajista da cibiyar tantance 'yan wasa ta NCAA, ka tura sakamakon WAEC ko NECO da na ajujuwan sakandare, su tabbatar ba ka taɓa zama ƙwararren ɗan wasa mai albashi ba. A yawancin wasanni shekara ɗaya ake ba ka bayan gama sakandare, in ka wuce haka kana buga gasa a hukumance sai a fara rage maka shekarun wasa. Koci ne ke ba da tallafi, ta adireshinsa da ke shafin ƙungiyar ake tura masa bidiyo, kuma duk dillalin da ya ce ka biya shi ya ajiye maka gurbi a UCLA, ka riƙe kuɗinka.

'Yan wasan jami'a suna samun albashi?

Da can haramun ne a dokar NCAA. Jihar Kalifoniya ce ta fara karya wannan da wata doka a 2019, kuma daga Yulin 2021 ɗan wasa na iya karɓar kuɗin talla da sunansa da hotonsa. A 2025 wata kotu ta amince da sulhun da ya ba makarantu damar biyan 'yan wasa kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 ga kowace makaranta a shekarar farko. Mafi yawan kuɗin ƙwallon Amurka da ƙwallon kwando na maza ke cinyewa. Ɗalibin ƙasar waje kuma yana da ƙarin matsala, domin bizar karatu ta F-1 ta taƙaita aikin da zai yi a cikin Amurka. Kafin ka sa hannu a kowace yarjejeniyar talla, je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na reshenka, kada kuɗin talla ya jawo maka asarar biza.

'Yata tana son wasa. Akwai ƙungiyoyin mata, kuma za a bar ta da hijabi?

Akwai, kuma doka ce ta tilasta. Dokar tarayya ta 1972 da ake kira Title IX ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnati nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a wasanni da tallafinsu. Saboda haka a wasu wasannin mace ta fi namiji damar samun tallafi. Matan UCLA sun ci kofin ƙasa na ƙwallon ƙafa a 2013 da 2022. Batun hijabi kuwa an riga an share hanya: Bilqis Abdul-Qaadir ta buga ƙwallon kwando a rukuni na ɗaya a Jami'ar Memphis da hijabinta da doguwar riga. A sanar da koci tun farko don a shirya kayan da suka dace da launin ƙungiya. Haka azumi: Adama Sanogo ɗan Mali yana azumin Ramadan ya ci kofin ƙasa da Jami'ar Connecticut a 2023, har aka zaɓe shi gwarzon wasannin ƙarshe.

Idan an ɗauke ni a wani reshe, zan iya buga wa ƙungiyar wani reshen?

Ba za ka iya ba. A idon NCAA kowane reshe makaranta ce daban, kuma sai kana cikakken ɗalibi a inda kake wasa. In kana Riverside kana son UCLA, sai ka nemi canjin makaranta kamar wanda zai koma wata jiha: UCLA ta ɗauke ka ta fuskar karatu, kocinta ya so ka, ka sa sunanka a rajistar masu neman canji. Tallafinka na Riverside ba zai bi ka ba. Sauƙin da aka samu shi ne tun 2024 ba a sa mai canji ya zauna shekara guda ba wasa, muddin makinsa na aji ya cika.

Ni ba gwani ba ne, ina son in riƙa taɓa ƙwallo kawai. Akwai wuri?

Akwai hanya biyu. Ƙungiyoyin kulob ɗalibai ke tafiyar da su, suna biyan kuɗin shiga, suna karawa da wasu jami'o'i da sunan reshe da launinsa. Sai gasar cikin gida, inda kai da abokan ɗakin kwana ko 'yan ƙungiyar ɗaliban Afirka za ku haɗa tawaga ku yi rajista, a buga da yamma bayan lacca. Wannan ta biyun har a San Francisco akwai ta.

Duk jami'o'in Amurka masu rassa haka suke yi?

Kowace da tsarinta. Penn State zaki ɗaya gare ta, Nittany Lion, kuma rassanta duk shi suke amfani da shi, ko da yake babban mazauninta ne kawai ke rukuni na ɗaya. Rutgers ta jihar New Jersey ta raba: Scarlet Knights a New Brunswick, Scarlet Raiders a Newark, Scarlet Raptors a Camden, launi ɗaya suna uku, kuma biyun ƙarshe suna rukuni na uku. Jami'ar Long Island kuwa a 2019 ta haɗe ƙungiyoyin rassanta biyu suka zama ɗaya, aka jingine tsofaffin sunaye aka ɗauki Sharks. Don haka idan takardar gurbi ta zo, a duba sunan garin da ke bayan sunan jami'ar.

Yaya zan kalli wasanninsu daga gida?

Agogo ne babbar matsala. Kalifoniya tana bayan Najeriya da Nijar da awa 8 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, awa 9 a sauran watanni. Wasan ƙwallon kwando da aka fara ƙarfe 7 na yamma a Los Angeles cikin Janairu, ƙarfe 4 na asuba ne a Kano da Maraɗi, ƙarfe 3 a Kumasi. Wasannin da UCLA da Berkeley ke bugawa a gabashin Amurka sun fi sauƙi, musamman na ranar Asabar da rana, waɗanda kan faɗo bayan magariba a wurinmu. Ƙwallon ƙafa daga ƙarshen Agusta zuwa Disamba ake yi, ƙwallon kwando daga Nuwamba zuwa farkon Afrilu. Ligogin da ƙungiyoyin suna sa taƙaitattun bidiyo a YouTube bayan wasa, kuma jadawalin kowane reshe yana shafin sashen wasanninsa, ba a babban shafin jami'ar ba.